Me Ya Sa Taswirar Waya Ke Rikita Mu a Shataletale?

Makon farko da na zo Samaru karatun digiri na biyu, Yayana ne ya kawo ni da motarsa. Bayan mun sauke kaya sai muka ga babu katifa, babu bokiti, babu tukunyar gas. Aka ce mu je kasuwar Sabon Gari, can ake samun komai da sauƙi. Ni baƙo, shi ma baƙo, sai na buɗe manhajar taswira a waya, na rubuta sunan kasuwar, muka kama hanya.

Tun daga Samaru har muka wuce Kwangila lafiya lau. Muna dab da shataletalen PZ sai muryar wayar ta ce mu bi mafita ta kaza. Yaya ya shiga, ɗan acaba ta dama, mai Keke ta hagu, ya ce, "Ina ne? Nan ko gaba?" Na kalli waya, kibiyar na nuna wani gefe daban, ɗigon kuma kamar bai ma shigo shatalen ba. Na ce, "Yaya, kamar nan ne." Ya karya sitiyari ya taka burki a lokaci guda, mai Keken da ke bayanmu da ƙyar ya kauce, ya wuce yana faɗa. Ba mu yi nisa ba waya ta sake lissafi, ashe ba nan ba ne.

Muka tsaya wajen wani dattijo mai sayar da rake. Yaya ya ce, "Baba, sannu da aiki. Don Allah ina hanyar kasuwa?" Ya ce, "Ai kun baro ta, samari. Ku koma shatale, ku bi inda kuka ga masu baro da motocin kaya suna shiga." Sau ɗaya ya faɗa, ba mu sake ɓata ba.

Na san ba ni kaɗai abin nan ya taɓa samu ba. Wataƙila kai ma mai karatu ka taɓa zagaya shataletale sau biyu kana jin haushin waya. To me ke faruwa? Ta yaya na'urar da za ta kai ka daga Zariya har Legas ba kuskure za ta kasa fitar da kai daga da'irar da ba ta fi filin tsakar gida biyu ba? Amsar a taƙaice ita ce: umarnin "bi mafita ta uku" ba ya aiki sai abubuwa uku sun dace da juna a cikin 'yan daƙiƙoƙi, wato wurin da waya ke zaton kake, taswirar da aka zuba mata, da kuma yadda ƙwaƙwalwarka ke gane hanya. A miƙaƙƙen titi ko sun ɗan saɓa ba za ka lura ba. A shataletale ne asirinsu ke tonuwa. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Yadda waya ke sanin inda kake

Da farko mu kawar da wata fahimta da ta yaɗu: tauraron ɗan'adam ba ya ganin ka, wayarka kuma ba ta aika masa da komai. Shi dai magana yake ta yi ba tsayawa, yana cewa "ni ne wane, ga inda nake, ga ƙarfe nawa a agogona." Waya saurare kawai take yi. Shi ya sa gano wuri ba ya bukatar data. Abin da ke cin data shi ne sauko da hoton taswira, da bayanin cunkoso, da ɗan taimakon da ke sa waya ta kama taurarin da wuri.

Tsarin GPS na Amurka ne. An harba tauraronsa na farko a 1978, ya kammala fara aiki a 1995. Taurarinsa suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga doron ƙasa, kowanne na zagaya duniya sau biyu a rana, kuma an tsara kada su gaza 24. Yanzu ba shi kaɗai ba ne, akwai GLONASS na Rasha, Galileo na Tarayyar Turai, da BeiDou na Sin, kuma yawancin wayoyin zamani suna sauraren fiye da tsari ɗaya.

Ka tuna yadda ake ganin walƙiya kafin a ji tsawa? Idan tazarar ta yi tsawo, ka san hadarin na nesa. Haka waya ke yi. Tana duba lokacin da saƙo ya baro tauraro da lokacin da ya iso, sai ta mayar da tazarar nisa, domin saƙon na tafiya da gudun haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Sanin nisanka daga tauraro ɗaya kamar akuya ce a turke: an san tsawon igiyar, amma ba a san ta wane gefe take ba. Idan aka ɗaure ta da igiyoyi uku daga turaku uku, duk a miƙe, to wuri ɗaya ne kawai za ta iya tsayawa. Waya na bukatar tauraro na huɗu saboda agogonta na araha ne, ba kamar agogon taurarin ba, dole sai an gyara kuskurensa. Kuma kuskuren ba wasa ba ne: saɓanin kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa zai jefa ka mita 300 daga inda kake.

Duk da wannan ƙwarewa, wayar hannu a fili, babu gini babu bishiya, takan san wurinka ne da kuskuren da ya kai kimanin mita 5. A cikin gari abin yakan fi haka. Saƙon na iya dukan bangon bene, ko kwanon rufi, ko jikin tirelar da ke gefenka, sannan ya dawo kan waya. Ya bi doguwar hanya ke nan, sai waya ta ɗauka tauraron ya fi nisa. Ƙurar hunturu da hadarin damina, waɗanda mutane ke yawan zargi, ba su cika taɓa saƙon ba.

Akwai wata matsalar da ta shafe mu musamman. Can sama, daga kimanin kilomita 60 zuwa 1,000, akwai shimfiɗar iska mai ɗauke da cajin lantarki da ake kira ayonosfiya, wadda ke rage wa saƙon gudu. Nijeriya na cikin yankin da ke kusa da tsakiyar maganaɗisun duniya, inda wannan shimfiɗa ta fi rikici, musamman bayan faɗuwar rana. A wasu darare saƙon yakan riƙa rawa har waya ta saki tauraro ɗaya ko biyu. Nan Samaru, a harabar Jami'ar Ahmadu Bello, akwai tashar karɓar saƙon taurari mai suna ABUZ, ɗaya daga cikin tashoshin NIGNET da ofishin Babban Safiyo na Tarayya ya fara kafawa a 2008. Eriyarta a kafe take wuri ɗaya dare da rana, kuma bayanan irin waɗannan tashoshi ne masu awon ƙasa ke amfani da su su sami daidaito na 'yan santimita, masu bincike kuma su nazarci halin sararin samaniyarmu. Wayar da ke hannunka cikin mota mai tafiya ba ta da wannan gata.

Mita biyar da daƙiƙa ɗaya

Za ka ce mita 5 ai ba komai ba ne. Gaskiya ne, a titin Sakkwato tsakanin Samaru da Shika ba komai ba ne, domin hanyar ɗaya ce, ko ɗigon ya kauce manhaja za ta jawo shi ta ɗora a kan titi. Amma bari mu yi ɗan lissafi da shataletale na misali, ba awon wani takamaiman wuri ba.

A ce da'irar da mota ke bi faɗinta mita 40 ne. Kewayenta zai kai kimanin mita 126. Idan hanyoyi huɗu ne suka haɗu, tsakanin mafita da mafita mita 31 ne ko kusa da haka. Kana tafiya a kilomita 25 cikin awa, wato kusan mita 7 a daƙiƙa. Ka ga ke nan daga wannan mafita zuwa waccan daƙiƙa huɗu da rabi kawai kake da su.

Yanzu mu cire abin da ake ci a cikinsu. Yawancin wayoyi sau ɗaya a daƙiƙa suke sabunta wurinka, don haka ɗigon na iya kasancewa mita 7 a bayanka. Ƙara kuskuren mita 5. Muryar na bukatar daƙiƙa biyu kafin ta gama jimla, mita 14 ke nan. Kai kuma kana bukatar aƙalla daƙiƙa ɗaya ka ji, ka gane, ka juya sitiyari, wasu mita 7. Jimla mita 33. Mafitar ta riga ta wuce.

Masu ƙera manhajojin sun san da haka, shi ya sa suke sa muryar ta yi magana tun kafin ka shiga, sannan su yi hasashen inda za ka kai bisa gudunka. Hasashen na aiki idan gudun bai canza ba. Amma a PZ da yamma, ka tafi ka tsaya, mai baro ya gifta, bas ya tsaya ɗaukar fasinja a bakin mafita, wane gudu za a yi hasashe da shi? Sai muryar ta zo da wuri ko ta makara.

Kibiyar da ke juye-juye

Ka taɓa lura in kana tsaye a gosulo sai taswirar ta fara juyawa da kanta? Dalili shi ne saƙon taurari ba ya gaya wa waya inda ka fuskanta. Daga motsinka take gane alƙiblarka: ɗazu kana can, yanzu kana nan, to gabas ka nufa. Da ka tsaya ko ka koma tafiyar hawainiya, wannan dabara ta mutu, sai ta koma kan ɗan kamfas ɗin da ke cikinta. Kamfas kuwa maganaɗisu yake bi, ga ka a cikin akwatin ƙarfe, ga lasifika, ga wayar caji, wani lokaci ma abin riƙe wayar kansa maganaɗisu ne. A shataletale, inda alƙiblarka ke canzawa kowace daƙiƙa kuma gudu ya ragu, nan ne kibiyar ta fi yin ƙarya. Abin da ya same mu ke nan ranar.

Kwangila kuma nata salon daban. Babbar hanyar Kaduna zuwa Kano na wucewa ta kan gada, zirga-zirgar cikin gari na ƙasa. GPS ya fi rauni wajen auna tsayi a kan auna gefe da gefe, domin duk taurarin da waya ke ji suna sama ne, babu ko ɗaya a ƙarƙashinka da zai daidaita lissafin. Sannan da ka shiga ƙarƙashin gada, siminti da rodi sun tare saƙon. Don haka waya na iya zaton kana sama alhali kana ƙasa, ta ba ka umarnin da ya dace da mai wucewa Kano.

Wa ya ƙirga mafitar?

A ce waya ta san inda kake daram. Saura taswira. A cikin kwamfuta, taswira ba hoto ba ce kamar yadda kake gani. Jerin ɗigogi ne da layukan da suka haɗa su: kowace mahaɗa ɗigo, kowane yankin titi layi, kuma an rubuta wa kowane layi tsawonsa, da gudun da ake yi a kansa, da ko hannu ɗaya ne. Dabarar nemo hanya mafi sauƙi a cikin irin wannan saƙa ta samo asali ne daga aikin wani masanin lissafi ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, wanda ya wallafa a 1959. Shataletale a wannan tsari zobe ne na gajerun layuka masu hannu ɗaya. Manhaja na bin zoben daga inda ka shigo, tana ƙirga layukan da aka rubuta cewa ana iya fita ta kansu, har ta kai wanda take so. Lambar da ta samu ita take karanta maka.

Matsalar ita ce idonka ma ƙirga yake yi, kuma ba da ka'ida ɗaya kuke ƙirgar ba. Ƙofar gidan mai da ke bakin shatale, mafita ce? Idonka zai iya cewa e, taswira ta ce a'a. Ɗan lungun da ke shiga tasha ko bayan shaguna fa? Titi mai hannu biyu da aka raba da siminti yana da baki biyu, na shigowa da na fita, baƙo zai iya ƙirga su biyu alhali manhaja ɗaya ta ƙirga. Hanyar da aka toshe da duro ko aka mayar wajen kasa kaya tana nan a taswira a matsayin mafita, kai kuma ba ka ma gan ta a matsayin hanya ba. Sannan ga yankan da 'yan acaba suka buɗe da tayarsu, wanda kowa ke bi amma babu shi a rubuce. Saɓanin ɗaya tak ya isa "ta uku" ɗinka ta zama "ta biyu" a wajen waya.

Kuma gari ba ya tsayawa jiran taswira. A 2018 aka fara aikin sake gina hanyar Abuja zuwa Kaduna, Zariya da Kano, ga kuma ayyukan sabunta birane na jihar Kaduna da suka taɓa titunan Zariya. Duk lokacin da aka faɗaɗa titi, aka rufe wajen juyawa, ko aka karkatar da motoci, sai wani ya shigar da canjin kafin waya ta sani. Ana zana taswirorin ne daga hotunan sama, da sawun wayoyin masu tafiya, da rahoton jama'a. Inda masu gyara suka yi yawa, gyara na zuwa da wuri. Inda suka yi ƙaranci, tsohon zane na iya daɗewa.

Ƙwaƙwalwarka ba da lamba take tafiya ba

Yanzu mu dawo kan dattijo mai rake. Me ya sa kwatancensa ya fi na waya aiki? Domin abin da ya ba mu ana ganin sa da ido, kuma ba ya lalacewa idan hankali ya ɗauke. Ƙirga kuwa a ka ake riƙe ta. Da ɗan acaba ya gifta gabanka ka taka burki, shi ke nan, ka manta ko ta ɗaya ka wuce ko ta biyu. Masana halayyar ɗan'adam sun nuna cewa abin da mutum ke iya riƙewa a zuciya a lokaci ɗaya kaɗan ne, bai fi guda huɗu ko kusa da haka ba. Direba a shataletale ya riga ya cika wannan ma'aji: motar hagu, babur ɗin dama, mai tsallaka titi, giya da kuloci. Ƙirga ta zo ta biyar.

Duba yadda muke kwatance a Zariya. Ba wanda zai ce maka ka hau A2, cewa za a yi hanyar Kano. Kwandasta kuma kiran da yake yi shi ne Samaru, Kwangila, PZ, Sabo, Kongo. Shi kansa sunan PZ daga kamfanin Paterson Zochonis ya samo asali, wato alama ce ta zama sunan unguwa. Taswirar da ke kanmu ta alamomi ce: masallaci, gidan mai, banki, layin dogo, gadar Kubanni. Manhaja kuwa ta fi sanin sunan da ke takarda, wanda sau da yawa babu allon da ke ɗauke da shi a bakin titi. Masu bincike kan tuƙi a Ingila sun daɗe da nuna cewa umarnin da ya ambaci alamar da ake gani, kamar danja ko gidan mai, yana rage kuskuren kwana da yawan kallon allo idan aka kwatanta da wanda ke ambaton mita kawai. Kamfanoni na ƙoƙarin matsowa kusa da mu. A 2019 Google ya ƙara wa taswirarsa tsarin masu babur a Nijeriya, da murya mai Turancin 'yan Nijeriya. Amma har yanzu a shataletale lamba ake ba ka.

Akwai wani abin lura kuma. A 2017 masu bincike a Kwalejin Jami'ar Landan sun sa mutum 24 a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suna bin titunan unguwar Soho a allo. Lokacin da suke nemo hanya da kansu, sashen ƙwaƙwalwa mai kula da wuri da tunawa, wanda ake kira hifokamfus, yakan ƙara aiki idan sun shiga titin da ke da rassa da yawa. Lokacin da ake ba su umarni suna bi kawai, wannan ƙarin aikin bai bayyana ba. Ma'ana, mai bin murya ido rufe yana isowa mahaɗa ne ba tare da ya shirya zaɓi a ransa ba. Idan muryar ta saɓa da abin da yake gani, ba shi da madogara, sai ya sunkuya ya kalli waya.

Nan ne haɗarin yake. Wani bincike da aka yi a jihar Bajiniya ta Amurka, inda aka sa kyamarori a motoci 100 aka bi su kimanin shekara guda, rahotonsa na 2006 ya nuna cewa ɗauke ido daga titi fiye da daƙiƙa biyu na ninka yiwuwar haɗari ko kusantarsa. Daƙiƙa biyu a gudun misalinmu mita 14 ne, tsawon ƙananan motoci uku, kana tafiya a makance a wurin da ɗan acaba ke iya ɓullowa ta kowane gefe.

To laifin shataletalen ne?

A'a. A mahaɗar hanya huɗu ta gargajiya akwai wurare 32 da hanyar mota ɗaya ke iya karo da ta wata. A shataletale mai layi ɗaya guda 8 ne kawai, kuma babu karon gaba da gaba ko na tsakiyar ciki da gudu, waɗanda su suka fi kisa. Wani nazari da aka wallafa a 2001 kan mahaɗu sama da 20 da aka mayar shataletale a Amurka ya gano haɗuran da ke jawo rauni sun ragu da kimanin kashi 76 cikin 100.

Sirrin yana cikin doka ɗaya: mai shigowa ya jira wanda ke ciki. Birtaniya ta mayar da ita doka a 1966, daga nan shataletalen zamani ya yaɗu a duniya. Mu a nan, tun ranar 2 ga Afrilu 1972 da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, zagayen ya juya: kana shiga ta dama, tsibirin tsakiya na hagunka, kuma motar da ke zuwa daga hagu ita ke da hanya. Inda aka bar wannan doka, kowa ya cusa kai, gudu ya zama na tafi-tsaya, a nan ne direba da waya duk suke rikicewa.

Kada kuma ka ɗauka mu kaɗai ne. A birnin Faris akwai shataletalen da tituna 12 suka haɗu a cikinsa, ka yi tunanin a ce maka "bi mafita ta tara". A garin Suwindon na Ingila an buɗe wani a 1972 mai ƙananan shataletale biyar kewaye da babba ɗaya, inda zoben ciki ke juyawa akasin na waje. Baƙin direbobi a can ma gumi suke yi, da waya a gabansu.

Abin da za ka yi

Babbar dabara ita ce ka mayar da lambar suna tun kafin ka isa. Kafin ka tada mota, buɗe hanyar, ka matso da kowane shataletale da yatsu biyu, ka tambayi kanka: wannan mafitar ina ta nufa, me ke bakinta? Sai ka riƙe "hanyar kasuwa" ko "hanyar Tudun Wada" a maimakon "ta biyu" ko "ta uku".

Ka haɗa da gefe. A shatalen hanya huɗu, ta farko dama ce, ta biyu miƙewa, ta uku hagu, ta huɗu komawa inda ka fito. Kalli siffar layin da aka zana maka tun kana nesa: ya karya dama, ya miƙe, ko ya naɗe zuwa hagu? Siffa ba ta ɓacewa idan ka taka burki, ƙirga ce ke ɓacewa.

Kafe wayar a inda ido zai kai gare ta ba sai ka sunkuya ba, kada ta zauna a cinya ko a hannu. Riƙe waya ana tuƙi laifi ne a dokar hanya, ban da haɗarin da ke ciki. Idan da wani a gefenka, ba shi wayar, kuma ya riƙa faɗa da wuri, da suna: "Bayan gidan man nan za mu fita." Kuskuren da na yi wa Yaya ke nan, na jira har muka shiga sannan na fara duba allo.

Idan kibiya ta fara juye-juye a cunkoso, rabu da ita har mota ta ɗan yi gudu. In abin ya zama kullum, cire wayar daga mariƙi mai maganaɗisu, ka juya ta a iska kamar kana rubuta lamba 8, hakan na daidaita kamfas ɗin. Ka kuma sauke taswirar Zariya a waya tun kana da sabis, don kada hoton ya tsaya lodi a daidai inda kake bukatarsa.

Idan ka wuce mafitarka ko ka yi shakka, sake zagayowa. A shatalen misalinmu zagaye ɗaya bai kai daƙiƙa 20 ba. Kada ka ci burki a tsakiya, kada ka yi ribas, kada ka yanko daga layin ciki zuwa waje a kan hancin wani. Shataletale mahaɗa ce da ke ba ka damar gyara kuskure ba tare da ka karya doka ba.

In ka ga taswira ta yi kuskure, gyara ta. Manyan manhajoji suna da wajen kai rahoton hanyar da aka rufe ko aka canza. Akwai kuma OpenStreetMap, taswirar da aka fara a 2004 wadda kowa ke iya yin rajista ya zana titin unguwarsa, kuma manhajoji da dama daga cikinta suke ɗiba. Ɗalibin da ke bin hanyar Samaru zuwa Sabo kullum ya fi duk wani mai kallon hoton sama daga wata ƙasa sanin wace mafita ce ke aiki.

Ga ɗan gwaji da za ka iya yi ba tare da haɗari ba. Ranar da ka hau bas ko Keke daga Samaru zuwa Sabon Gari, kana fasinja, buɗe taswira ka sa ido a kan ɗigon. Duba yadda yake bin titi sumul a miƙaƙƙiyar hanya, yadda yake yi a ƙarƙashin gadar Kwangila, da kuma daƙiƙa nawa yake ɗauka kafin ya gane kun fita daga shatalen PZ. Ƙirga mafitar da idonka, ka kwatanta da tasa. Daga ranar za ka san inda ya kamata ka yarda da waya da inda ya kamata ka rage gudu ka buɗe ido. In kuma duk ta rikice, sauke gilashi ka yi sallama, matambayi ba ya ɓata. Allah Ya kiyaye hanya.